Yadda ake hawa da gangara duwatsun Adar da ƙananan yara a mota

Shekarar da ɗiyata ta biyu ta fara tafiya da ƙafarta, cikin watan Agusta, muka tashi daga Tawa, a ƙasar Adar ta Nijar, za mu suna wani ƙauye bayan Keita. Ni ke tuƙi. Motar kat-kat ce mai lafiya, wato mai ja da tayoyi huɗu, uwar yara na baya da yarinyar a cinya, yayanta na gefe. Muka bar babbar hanya, muka hau dutse, sai ga gangaren da ke sauka cikin kwari, marmara da tsakuwa, irin wanda na sha bi ba adadi. Ban tsaya na duba ba. Ashe ruwan daren jiya ya yanka kwazazzabo a tsakiyar hanyar. Tayar gaba ta dama ta faɗa ciki, motar ta kifa hanci ta tsaya cak. Gudun da nake yi, mai keke ma zai wuce ni. Amma yarinyar ta fita daga hannun uwarta kamar an fizge ta, goshinta ya daki ƙarfen da ke riƙe da matashin kujerar gaba. Ba ta yi kuka nan take ba. Wannan shirun bai fi a ƙirga uku ba, amma har yau ina jin sa a ƙirjina. Sannan ta tsala ihu, jini ya rufe mata ido ɗaya.

Uwarta jiki na rawa tana cewa, "Maigida, wallahi na riƙe ta, da hannu biyu na riƙe ta." Gaskiya ta faɗa. Ta riƙe ta iya ƙarfinta. Laifin nawa ne, ni da na ɗauka cinyar uwa ta isa, kuma ban sauka na taka hanyar da ƙafa ba.

Mota mai gudun kilomita 30 a awa in ta tsaya cak, daidai yake da a saki mutum daga tsayin mita uku da rabi, wato daga kan soro. A kilomita 50, mita goma ne. Babu hannun da ke riƙe yaro a irin wannan fizgar. Ga shi kuma jikin yaro ba irin namu ba ne: kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, wuyan da ke ɗauke da shi kuwa bai yi ƙwari ba. Girgizar da babba zai ji a baya ya ce wash ya manta, a wuyan yaro take sauka. Abin da ke biye shi ne yadda nake yi tun daga ranar.

Shawarar da ake yankewa tun a gida

Tambaya ta farko: dole ne yaran su je? Biki da suna da gaisuwar mutuwa duk hakki ne, amma jaririn da bai iya riƙe kansa ba, ba shi da abin yi a hanyar dutse, sai in rashin lafiya ce ta tilasta. Dangi za su yi ƙorafi, Inna za ta ce an hana ta ganin jikanta. A ba ta haƙuri, a kai mata shi bayan damuna, ko a aika mota ta ɗauko ta.

In tafiyar ta kama, ka tambayi hanya ranar da za ka bi ta, daga bakin wanda ya bi ta jiya ko yau: direbobin ranar kasuwa, ƴan kabu-kabu, ko wani ɗan'uwa a ƙauyen. Labarin makon jiya ba ya aiki a ƙasar Adar. Tun 1984 da aka fara aikin Keita ake jera duwatsu, ana dasa itace, ana gina madatsai don tare zaizayar ƙasa, kuma an ga amfaninsa, amma daga Yuni zuwa Satumba ruwa ɗaya na iya sauya fuskar hanya tsakanin magariba da asuba, ko wajen Tamaske ne, ko Garhanga, ko duwatsun Buza, ko kwarin Majiya. Ka tambayi lafiyar hanya ta fuskar tsaro ma, musamman in ka nufi arewacin jihar.

A tashi da sassafe, a lissafa isa kafin la'asar. Gangare da dare, fitila ba ta nuna zurfin rami, inuwa kawai take nunawa. Ka gaya wa mutum biyu hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata a gan ka, don a cikin kwari rezon waya ɓacewa yake. In da hali, mota biyu a tare.

Motar

Birki a gaba da komai. Ka taka shi mota na tsaye, ka riƙe: in yana nutsewa a hankali ko ya yi laushi kamar soso, tafiya ta fasa sai an ga makanike. Man birki yana shan danshi da daɗewa, in ya yi zafi a dogon gangare sai ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa. Shi ya sa ake sauya shi kamar duk shekara biyu, abin da yawancinmu ba ma yi. Birkin hannu kuma ka gwada shi a kan tudu, ka ga ko yana riƙe motar shi kaɗai.

Taya, ka duba zanenta da gefenta, har da ta safaya. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar hannu da muke saye tana iya zuwa da zane mai kyau alhali ta tsufa ta bushe, kuma marmara mai kaifi ba ta yi wa tsohuwar taya afuwa.

Sai ka tabbata kat-kat ɗin tana shiga da gaske. Motoci da yawa sun yi shekaru a kwaltar Yamai ba a taɓa sa musu L4 ba, wato giyar kat-kat mai ƙarfi da tafiya a hankali. Ka gwada a yashin bayan gari tun kafin ranar. Tsofaffin Land Cruiser da Hilux suna da makulli a cibiyar tayoyin gaba da ake murɗawa da hannu. In ba ka murɗa ba, fitilar kat-kat na iya kamawa alhali tayoyin baya kaɗai ke ja.

A cikin mota a samu shebur, igiyar ja mai ƙarfi, jak da katakon da za a ɗora shi a kai, famfon taya, tocila, bandeji da auduga mai tsabta, da ruwan sha wanda ya ninka abin da kake zaton za a sha.

Kaya

Mai nauyi ƙasa, mai sauƙi sama. Jarka ɗaya ta lita 20 kilo 20 ce. In ka jera huɗu a kan mota, ka ƙara buhun gero da na albasa, ka ɗaga nauyin motar sama, kuma motar da nauyinta ke sama ita ke kifewa a karkace. Kan mota na tabarma ne da katifa. Duk abin da ke ciki a ɗaure shi. Kwalbar gas, tukunya, jak, kular abinci: in mota ta dunguri dutse, kowannensu jifa ne, kuma kan yara yake nufa.

Zaman yara

A nan zan daɗe, don nan ne muka fi sakaci.

Yaro wurinsa kujerar baya, har ya kai shekara goma sha biyu zuwa sha uku. Gaba akwai jakar iskar nan da ke fashewa in an yi karo. An yi ta ne don ƙirjin babba, ƙarfinta na iya kashe ƙaramin yaro. Bayan a-kori-kura kuwa, wato buɗaɗɗen bayan Hilux inda muke zuba yara da awaki ranar kasuwa, ba wurin ɗan Adam ba ne a kan dutse. Haka dogayen bencinan nan masu fuskantar juna na bayan wasu Land Cruiser: ba a ɗaura kujerar yaro a kansu.

Jariri da ɗan yaye suna buƙatar kujerar yara ta mota, a ɗaure ta tana kallon baya. Dalilin yana da sauƙin ganewa. In mota ta tsaya cak, yaron da ke kallon gaba kansa ne ke wucewa ya bar jiki, wuya ya ɗauki nauyin duka. Wanda ke kallon baya kuwa, kai da wuya da gadon baya duk tare suke nutsewa cikin kujerar. Ƙa'idar Turai ta R129 ta ce aƙalla har wata 15. Likitocin yara na Amurka sun ce a ci gaba da haka muddin kujerar na ɗaukarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan kujera na rage mutuwar jarirai a hatsari da kashi 71 cikin 100, kuma ita ce ta ce hatsarin hanya ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Ana samun kujerun a Yamai, sababbi da na hannu. In ta hannu ce, ka juya ta ka duba: babu tsagewa, igiyoyinta cikakku, makullin yana kamawa da ƙara, kuma akwai tambarin nan mai ruwan lemo da ke ɗauke da R44 ko R129. Bayan ka ɗaure ta, ka kama gindinta ka girgiza da ƙarfi. In ta motsa fiye da faɗin yatsa biyu, sake ɗauri. Igiyar da ke kan kafaɗar yaron kuma, ka gwada tsunkule ta da yatsu biyu. In ta tsunkulu, ta yi sako-sako. Lokacin sanyin hunturu a cire masa rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure, a lulluɓa masa zane daga sama.

Yaron da ya fi ƙarfin wannan kujerar amma bai kai tsawon santimita 135 ba, ana sa masa ƴar kujerar ƙarin tsawo, don bel ɗin mota ya bi ta kan ƙashin ƙugu da tsakiyar kafaɗa. In bel ya hau ciki, a karo hanji yake yanka. In ya hau wuya, yaron da kansa zai tura shi bayansa ko ƙarƙashin hammata, ya zama ba shi da amfani.

Na san abin da wani zai ce: Malam, mu da muke neman na mai, ina muka ga kujera? To ga abin da ba ya cin ko dala. Kada uwa ta zauna da goyo a baya. In mota ta yi tsalle, nauyinta kaf a kan jaririn zai sauka. Kada a ja bel ɗaya a kan babba da yaron da ke cinyarsa, don jikin babban zai matse yaron a jikin bel. Yaro mai shekara huɗu ko biyar, ko babu ƙarin tsawo, zama a baya da bel ya fi zama haka nan nesa ba kusa ba. Kowa da bel ɗinsa, har manya, don babban da bai ɗaure ba shi ma kan yara zai faɗa. In dole ta sa aka ɗauki jariri babu kujera, uwa ta zauna baya ta ɗaure kanta ita kaɗai, a yi tafiyar hawainiya, kuma duk gangare mai tsauri ta sauka da shi ta taka da ƙafa. Wannan ba ya maye gurbin kujera, rage asara ce kawai.

Akwai masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

A danna ɗan makullin da ke gefen ƙofofin baya don kada su buɗu daga ciki, gilashi kuma a ɗaga shi yadda hannu ko kai ba zai fita ba. Ƙayar bagaruwa da ta aduwa suna shafar mota a ƙananan hanyoyi. Kada a ba yaro gyaɗa, dabino, alewa ko rake mota na tsalle, shaƙewa ba ta da wuya. Duk awa biyu a tsaya a fito da jariri ya miƙe.

A bakin gangare

Tsaya tun kana kan shimfiɗaɗɗen wuri. Ja birkin hannu, kashe mota, bar ta a giya, sauka. Taka gangaren da ƙafarka har ƙasa. Kana neman abu huɗu: inda ruwa ya yanka, inda tsakuwa ke gangarowa ƙarƙashin takalminka, dutsen da zai daki cikin mota, da kuma abin da ke jiranka a ƙasa, ko fili ne ko kwana ko bakin rami. In kai kanka sai da ka dafa ƙasa da hannu kafin ka sauka, motar da ke ɗauke da yara ba ta da hurumi a wurin. Ƙananan ramuka a cike su da duwatsu. Minti goma ne.

In ka dawo zuciyarka na ɗar-ɗar, sauke yaran. Wannan ita ce babbar dabarar da na sani, kuma ba ta buƙatar ƙwarewar tuƙi. Babba ɗaya ya ɗauki ƙaramin, ya kama hannun sauran, su tsaya sama, can gefe, inda ko motar ta kuɓuce ba za ta nufe su ba. Kada su tsaya ƙasan mota, kada su bi bayanta, kada su riga ta sauka su jira a bakin hanya. Sai motar ta kai ƙasa ta tsaya an kashe ta, sannan su taho. In hawa ne, su riga ta hawa ta gefe su yi nisa da bakin, ko su tsaya can nesa da layin da za ta gangaro in ta kasa. Kafin ka tayar da mota, ƙirga su da ido, ka kira sunan kowa. Yaro ɗan shekara biyu in ya tsaya jikin taya, ba madubin da zai nuna maka shi.

Ɗana na fari ya taɓa ce mini, "Baba, mu ma muna son mu ji yadda take sauka." Na ce masa in ya yi gemu zai ji.

In kuwa babu babban da zai riƙe su, ko rana ta take ba inuwa, ko wurin ya fi ƙarfinka, juya. Zagaye ta Badagishiri ko ta Madawa ya ci mai da lokaci, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Gangarawa

Mota na tsaye, taka kuloci, sa L4, sa giya ta ɗaya. Mai otomatik ya sa ta a N kafin ya shiga L4, sannan ya ja ta zuwa L ko 1. Daidaita hancin motar ya kalli ƙasa sak. Saki kuloci gaba ɗaya, ɗauke ƙafa daga kansa, ka bar inji ya riƙe motar. Za ta yi gurnani tana sauka kamar mai tafiya da ƙafa. Haka ake so.

Abu biyu ke kashe mutane a nan. Na farko sa mota a firi ko taka kuloci a tsakiyar gangare, wai don a rage shan mai ko don tsoro: nan take motar ta zama dutsen da aka sako daga sama. Na biyu danne birki da ƙarfi a kan tsakuwa. Tayar da ta daina juyawa ba ta jin sitiyari, sulɓewa kawai take, gindin motar ya fara zagayowa gefe, daga nan sai kifewa. In kana buƙatar birki, taɓa shi a hankali. In ka ji gindi ya fara zamewa, sassauta birkin, mai da hancin ƙasa, ko da za ka ɗan ƙara mata wuta kaɗan don tayoyin su kama. Kada ka sauya giya sai ka kai ƙasa. Manyan yatsunka su kasance a bayan sitiyari, kada su shiga ciki. In taya ta daki dutse, sitiyarin na iya fizgewa ya karya su.

Hawa, da abin yi in ta kasa

Shi ma a taka shi da ƙafa tukuna, musamman don a ga abin da ke bayan ƙoli. Lokacin da hancin mota ke kallon sama, ba ka ganin komai sai gajimare, alhali can sama ana iya samun amalanke, garken awaki, ko yara masu kiwo. Zaɓi giya tun daga ƙasa, yawanci ta biyu a L4, ka hau da wuta daidai wa daida ba tare da sauyawa ba, ka sassauta in ka kusa ƙoli.

In tayoyi suka fara juyawa a banza, ko inji ya mutu, kada ka dage, kuma kada ka kuskura ka ce za ka juya motar a kan gangaren. Da ta ba gangare gefenta, ta kifu. Taka birki da ƙarfi ka riƙe. Ja birkin hannu. Sa ribas. Duba baya, ka tabbata tayoyin gaba a miƙe suke. In injin na aiki, saki birkin hannu, ka saki kuloci da birki tare a hankali, ka bar inji ya sauko da kai da baya, a miƙe, har ƙasa. In ya mutu, a tsofaffin motoci ana barin ta cikin ribas, a ɗauke ƙafa daga kuloci, a saki birki a hankali har giya ta riƙe ta, sannan a murɗa makulli ta tashi tana cikin giyar. Sababbin da ba sa tashi sai an taka kuloci, a tayar da su ƙafa na kan birki. Ka tuna in inji ya mutu, birki taku ɗaya ko biyu kawai yake da sauƙi, bayan nan ya yi tauri kamar dutse, sitiyari ma haka. Wannan dabarar a koye ta a ƙaramin tudu, babu yara a ciki, tun kafin ranar da za a buƙace ta.

Sau biyu ta kasa, kada a yi na uku da iyali.

Hanyar da ta bi ta gefen dutse a karkace ita ce mafi sharri. In babu makawa, yara a ƙasa, kayan sama a sauke, a bi a hankali ƙwarai. Ka ji motar na neman ɗagawa, karya sitiyari zuwa ƙasa, ba sama ba.

Kori

Duk gangaren Adar kori ne a ƙarshensa, wato koramar da ke kawo ruwa in an yi ruwan sama. Ruwansa na iya zuwa alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba, don can sama aka yi shi. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babba. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Santimita 60 yana tafiya da kat-kat. Jan ruwa ba ya nuna abin da ke ƙarƙashinsa, kuma ko a kan radiye, wato daɓen simintin da mota ke ƙetare kori a kansa, gefen ne ruwa ke fara cinyewa. Damunar 2024 ta ci rayuka fiye da 300 a ƙasar nan, kowa ya ga abin da ruwa ke iyawa.

Da yara a mota, ba a shiga ruwa mai gudu. A koma kan tudu a jira. Kafa kara a bakin ruwan ka ga ko yana ja baya. Yawancin koramunmu cikin ƴan awoyi suke sauka. Kada babbar motar da ta ƙetare a gabanka ta ruɗe ka, kada kuma samarin da ke cewa "Alhaji, shigo, mu tura ka" su yanke maka shawara. Bayan ruwan ya janye, taka ƙasan da sanda, don yashin da ya sha ruwa yana haɗiye taya. Ka ƙetare, ka ɗan taka birki kana tafiya don ya bushe kafin hawa na gaba. Ba a yada zango ko sallah a cikin kori, komai daɗin inuwarsa.

In ƙaddara ta sa mota ta mutu cikin ruwa yana ƙaruwa, kada a tsaya neman tayar da ita. Kwance bel, buɗe gilashi tun lantarki na aiki, fitar da yara ta taga, babban yaro da farko don ya taimaka, a hau kan motar ko a nufi tudu.

In an maƙale

Yara su fara fita, a kai su inuwa nesa, da babba a tare da su. A watan Afrilu da Mayu zafin Tawa na wuce digiri 40. Motar da aka rufe tana ƙara kamar digiri goma cikin minti goma, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar. Ko barci yake, a ɗauko shi. A riƙa ba su ruwa kaɗan-kaɗan tun ba su nema ba. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono ne ruwansa, uwar ce za ta sha da yawa. In amai ko zawo ya kama yaro, a haɗa masa ya sha: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

A sa wa tayoyi duwatsu kafin a ɗaga jak. A yashi, rage iskar taya yana taimakawa, amma a mayar da ita kafin a koma kan marmara. In wata mota za ta ja ku, igiya a maƙala ta inda aka yi don ja, kada a rataya ta a ƙwallon ƙarfen nan na jan tirela, yana karyewa ya tashi kamar harsashi. Kowa ya ja baya fiye da tsawon igiyar sau biyu. Yara sun fi kowa son kallon wannan aikin, su ne kuma tsawonsu ya yi daidai da inda igiya ke bulala in ta tsinke.

In yaro ya bugu

Kashe inji. In mota ta kife, tallafe yaron da hannu ɗaya kafin ka kwance igiyar, don kada ya faɗo da ka. In ba wuta ba ruwa, kuma yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, kada a ɗaga shi a saɓa a kafaɗa, kada a girgiza shi don ya farfaɗo. A riƙe kansa da hannu biyu daidai da jikinsa. Ƙaramin da ke cikin kujerarsa, a fito da shi da kujerar gaba ɗaya. Jini kuwa, a danne da tsumma mai tsabta a riƙe minti goma ba ɗagawa. Ba a zuba ƙasa, toka, garin taba ko man birki a ciwo. Goshi da fatar kai suna zubar da jini mai ban tsoro ko da yankan ƙarami ne. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17, amma a daji abin da ya fi kusa shi ne likitar ƙauye ta CSI, su ne za su tura ku Keita, Buza, Galmi ko babban asibitin Tawa.

Bugun kai shi ne mai ɓoye kansa. Yaro na iya tashi ya ci gaba da wasa, abin ya bayyana bayan awoyi. A kai shi asibiti ba jira in ya suma ko na ɗan lokaci ne, in yana ta amai, in barci ya yi masa nauyin da ba a saba ba ko ya ƙi tasuwa, in ya yi jijjiga, in baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, in jini ko ruwa fari na fita ta kunne ko hanci, in tafiyarsa ko maganarsa ta sauya, in jariri ya ƙi nono ko maɗigarsa ta kumbura. Jaririn da bai kai shekara ba, ko babu alama ɗaya, likita ya gan shi. Shatar bel a kan ciki tare da ciwon ciki ita ma ta asibiti ce. Kujerar da aka yi hatsari mai ƙarfi da ita, an gama da ita ko da ido bai ga tsagewa ba.

Mu a ranar, ɗinki uku aka yi mata a likitar da ke kusa, malamin asibitin ya ce mu sa ido a kanta kwana biyu. Muka kwana a ƙauyen, a ɗakin ƙanwar mahaifiyata. Ba wanda ya runtsa. Bayan kowane ɗan lokaci uwarta ta haska tocila, ni in taɓa tafin ƙafarta in ga ta janye, in kira sunanta har ta buɗe ido ta yi tsaki ta juya. Da asuba ta tashi ta ce fura take so. Tabon na nan saman girarta ta hagu, gashin wurin bai sake fitowa ba.